Batir biyu na saya, ashe laifin yana ƙarƙashin fenti

Da an sallame sallar asuba nake tayar da babur daga Aboabo a nan Kumasi, in bi ta Anloga, in wuce Asokwa, in miƙe Ahinsan har mayankar Kaase. Naman Kawu nake ɗaukowa, shekara shida ke nan, tun da ciwon gwiwa ya hana shi hawa. A wannan lokacin gari bai gama wayewa ba, kuma ba kowace fitilar titi ce ke kamawa ba. Abin da fitilar gabana ta nuna mini shi ne hanya, abin da ta ɓoye mini kuwa sai na zo kansa. Shi ya sa maganar wutar babur, ko moto kamar yadda muke cewa a nan, ba ƙaramar magana ba ce a wurina.

Babur ɗin ƙirar ƙasar Sin ne, 150, mai irin injin nan na CG da kowane makaniki a Kumasi ya sani kamar yunwar cikinsa. A azumin 2023 na kai shi aka sauke inji aka yi masa aiki. Tunda an riga an kwance komai, sai na ce a fesa wa firam ɗin sabon fenti baƙi saboda Sallah. Ya fito tsaf, har ana tambayata ko sabo na saya. Wata biyu ban ga komai ba.

Da ruwa ya kankama a watan Yuni abubuwa suka fara. In danna sitata da safe, sai in ji ƙas, ƙas, shiru, sai na koma kik. Hon ya dishe kamar mai mura. In na kunna tirafiketa ta hagu, fitilar baya ma sai ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, in na taka birki fitilar mita ta dushe. Na faɗa a bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, ana shan ataya, kowa ya ce batir ne. Na sayi sabo, komai ya dawo daidai na sati uku, sannan ciwon ya dawo. A Satumba na sake sayen wani, wannan karon har da rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar da inji ke tura wa batir, don an ce mini shi ne ba ya caji. Duk wanda ya ba ni shawarar nan da zuciya ɗaya ya ba ni, kuma a ido gaskiyarsu ce, tunda kowane sabon batir yakan kawo sauƙi. Abin da ban gane ba a lokacin, sabon batir yana zuwa ne cike da wuta, sai ya rufe matsalar har ya ƙarar da abin da ya zo da shi.

Wata asuba a Oktoba ana yayyafi, na wuce Asokwa da kaɗan, fitilata kamar aci-balbal. Na hango wani duhu a gefen titi, na danna hon, sai fitilar ta kusan mutuwa gaba ɗaya, don hon ya janye 'yar wutar da ta rage. Aboboya ce, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka ajiye babu fitila babu alama, cike da katako. Allah ne ya kiyaye, madubina kawai ya goge ta. Na tsaya jikina na ɓari, na daɗe ban iya sake hawa ba. Da na kai nama na ba Kawu labari, ya yi shiru, sannan ya ce in tafi Suame Magazin wajen wani abokinsa na ƙuruciya, dattijo mai gyaran wutar motoci, in ce shi ya aiko ni.

Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, yana naɗa koyil, yaransa biyu na kwance wata sitata. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Kawu da gwiwarsa, ya tambayi iyali, sannan ya dubi babur ɗin.

"Ɗana, batir nawa ka saya?"

"Biyu, Masta."

"Ina wanda ka cire?"

"Na Yuni yana gida."

"Kada ka yar. Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Yaushe aka yi fentin nan?"

Ban ce masa komai game da fenti ba, shi ya gani. Ya sa yaro ya cire sit da murfin gefe, ya ɗauko mitar awon wuta, ya murɗa ta zuwa 20 a ɓangaren wutar batir. Ya ɗora tsinke biyu a kawunan batir: bolt 12.5. Ya ce batir na nan da ransa, cikakke yakan nuna wajen 12.6. Daga nan ya bar tsinke ɗaya a baƙin kan batir, ya dangwala ɗayan a jikin inji inda babu fenti, ya ce in danna sitata. Mita ta yi tsalle zuwa 1.8. Ya ce in sake, in riƙe na ɗan lokaci. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan wayar kuloci, kusa da inda ta shiga inji. Da ɗumi.

Bayanin da ya yi mini a tsaye a wurin shi ne dalilin wannan rubutun. Ya ce wuta ɗan aike ce. Tana fita ta jan kan batir, ta je ta yi aikin da aka aike ta, fitila ko hon ko sitata, sannan dole ta komo gida ta baƙin kan. In hanyar komowa ta toshe, aikin ma ba zai yiwu ba, komai kyawun hanyar zuwa. Masu ƙera babur, don tsimin waya, sun mai da ƙarfen firam da na inji su ne babbar hanyar komowa, suka ɗaure baƙin kan batir a jikinsu. Wannan haɗin shi masu gyara ke kira at, wasu su ce bodi. Tsakanin baƙin kan batir da jikin inji ya kamata mita ta nuna kusan sifili ko ana danna sitata, in ya yi yawa 0.2 ko 0.3. Ni nawa 1.8 ne, wato kusan bolt biyu cikin goma sha biyu suna zubewa a hanya kafin su yi wani aiki. Da wutar ta rasa ƙofa sai ta bi ta taga: ta hau wayar kuloci, ta bi ta kan babur, ta ratsa boris ɗin wuya, ta koma firam. Ɗumin da na ji ke nan.

Ya kwance notin da ya riƙe wayar bodi a firam, ya nuna mini. Mai fenti ya fesa ko'ina, har wurin da ya kamata ƙarfe ya taɓa ƙarfe, aka mayar da wayar a kan fentin aka ɗaure. Zaren notin kaɗai ke ɗaukar wuta. Lokacin rani hakan ya ɗan isa. Da ruwa ya shiga zaren ya yi tsatsa, hanya ta ƙara ƙuntata. Maƙalan inji ma haka, fenti ne tsakaninsu da firam.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai, na kuma tambaye shi. Wani yaro a unguwa ya taɓa gwada mini wannan wayar da mita, ya sa ta a inda take kuka in waya ta haɗu, ta kuwa yi kuka, ya ce at ɗina lafiya lau. Masta ya ce kukan nan ko silin waya ɗaya ne ya rage zai yi shi, don wutar da mita ke turawa ba ta kai ta kawo ba. Daga baya na zauna da biro na buga lissafin da kaina. Ƙwan fitilar gaba mai wat 35 yana jan kusan amfiya 3. Sitata kuwa tana iya jan amfiya 40. In akwai cikas na om 0.05 a hanya, ɗan ƙaramin da mita mai araha ba za ta ma gani ba, fitila za ta yi asarar bolt 0.15 kawai, amma sitata za ta yi asarar bolt 2. Shi ya sa za ka ga fitila na kamawa, sitata na ƙas ƙas, ka rantse batir ne. Waya ba a gwada ta a zaune, sai tana ɗauke da kaya.

Haka muka bi fitilar gaba. Makulli a kunne, babbar fitila a kunne, batir na nuna 12.3, amma a bakin ƙwan 10.2 ne. Ya raba asarar gida biyu don mu san inda take. Tsinke ɗaya a jan kan batir, ɗaya a ƙafar ƙwan da wuta ke shiga: 1.2. Tsinke ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a ƙafar da wuta ke fita: 0.9. Ƙwan halojin ba ya yafe irin wannan. In wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. Da kusan rabin haskena nake tafiya Kaase duk watannin nan.

Rektifaya da na cire ma ba shi da laifi. Shi ma ta bodi wutarsa ke komowa, kuma da bodin yake auna ko batir ya cika. Da cikas ya shiga tsakani, sai ya riƙa ganin wuta ta kai alhali batir bai samu ba, ya rage turawa. Mun tayar da inji muka ba shi wuta, batir na karɓar 13.0, inda ya kamata ya kasance tsakanin 13.5 da 14.5. Batir da ke kwana da yunwa kullum ba ya daɗewa.

Aikin ya ci mana daga hantsi har bayan la'asar, kuma Masta ya ce ni zan yi da hannuna, shi yana kallo, don gobe in iya. Abu na farko, baƙin kan batir ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. In ka fara da ja, sifana ta taɓa firam, tartsatsi ne a gindin tankin mai. Na ɗauki sanfefa na goge wurin bodi a firam har ƙarfe ya fito fari fat, faɗinsa kamar kwabo. Na goge kan wayar shi ma. Muka sa washa mai haƙora a tsakani don ta ciji ƙarfen, na ɗaure da sifana lamba 10, sannan na shafe wurin da giris ta sama don kada ruwa ya sake samun hanya. Ya ce in babu giris, basilin ɗin shafawa ma ya yi. Kawunan batir su ma sun sha goga.

Bayan haka muka ƙara hanyoyi, don kada komai ya dogara da noti ɗaya. Waya mai kauri, mai milimita 10 murabba'i, daga baƙin kan batir kai tsaye zuwa wani noti a jikin inji kusa da sitata. Wata gajera mai 6 daga nan zuwa firam. Wata mai 2.5 daga koriyar wayar rektifaya zuwa baƙin kan batir. Ta ƙarshe mai 1.5 daga ƙwaryar fitilar gaba, ta bi tare da sauran wayoyi ta gefen wuya, ta sauka a firam ƙarƙashin tanki. Wannan ta ƙarshen ya nanata mini ita. Duk abin da ke kan babur, fitila, tirafiketar gaba, makunnin hon, in ba shi da wayar komowa mai kyau, ta boris ɗin wuya wutarsa za ta bi, boris kuwa giris ne a cikinsa kuma juyawa yake yi. Ya sa na bar wa wayar ɗan sako, na murɗa kan babur hagu da dama har ƙarshe don in tabbata ba ta ɗamewa.

A wajen sayen wayar ma na koyi abu. Ya aiki yaro ya kawo iri biyu, a ido duk jan ƙarfe ne. Ya feɗe su, ya kankare silin ɗaya da reza, sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ya kunna masa ashana, silin ya lanƙwashe ya zube nan take, na gaskiyar kuwa ya yi ja ya tsaya. Irin ta farkon ba ta ɗaukar wuta kamar ta biyun, tana saurin karyewa, kuma ruwa na cinye ta. Wayar gida mai sili ɗaya ita ma ba ta babur ba ce, girgiza za ta karya ta a cikin robarta ba ka gani ba. Mai sili da yawa, mai laushi, ita ake so.

Da muka buɗe ƙwaryar fitila na ji kunya da tausayin babur ɗin. Haɗi bakwai na ƙirga waɗanda aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin tef, na cajar waya, na wata ƙaramar fitila da na taɓa sawa, na ƙararrawar ɓarayi da ta daɗe da mutuwa. Tef ɗin ya saki, ƙura ta harmatan ta shiga, ruwa ya biyo, wayoyin sun yi kore shar. Muka yanke duka har inda jan ƙarfe ke da haske, muka sa kawuna muka matse da filayar matsewa, muka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Masta ba ya ƙin dalma, amma ya ce a inda waya ke motsi, dalma na sandarar da ita, sai ta karye daidai inda dalmar ta tsaya. Kowane soket na cire shi, na wanke, na ɗan matse bakinsa, na sa giris kaɗan.

Wani gargaɗi ga mai son taɓa nasa: launin wayar bodi ba ɗaya ba ne a kowane babur. A Honda da yawancin baburan Sin da suka bi tsarinta, koriya ce, baƙa kuwa wuta ce da ke zuwa bayan an kunna makulli. A Yamaha baƙar ita ce bodi. A Suzuki baƙa mai ratsin fari, a Kawasaki baƙa mai ratsin rawaya. Wanda ya saba da Yamaha ya zo kan nawa ya ɗaure baƙa a firam, fiyus zai ƙone, in akwai fiyus ke nan. Nawa da muka buɗe gidansa, silin waya ne aka naɗa a madadinsa, ban ma san ranar da aka yi ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Fiyus ana sa shi ne don ya mutu kafin waya ta kama wuta, kuma wayoyin nan ƙarƙashin tanki suke bi, tsakanin ƙafafun mutum. Muka mayar da na gaskiya mai lambar da aka rubuta a murfin.

Saura asarar 1.2 ta ɓangaren zuwa. Wutar fitila tana fita daga batir, ta je makulli, ta je makunnin hannu, ta je na babba da ƙarama, kafin ta kai ƙwai, duk ta siririyar waya da makunnai da suka tsufa. Sai muka sa rile biyu, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa, a cikin ƙwaryar, ɗaya na babbar fitila ɗaya na ƙarama. Sabuwar waya mai 1.5 ta taso daga jan kan batir, da fiyus ɗinta mai amfiya 10 bai fi taƙi ɗaya daga batir ba, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30. Ƙafa ta 87 ta tafi ƙwai. Tsohuwar wayar fitila ta koma ƙafa ta 86, ta 85 kuma ta tafi bodi. Yanzu makunnin hannu umarni kawai yake bayarwa, nauyin ya koma kan rile.

Wannan dabarar ba ta kowane babur ba ce. Da yawa daga cikin ƙananan baburanmu fitilar gabansu ba daga batir take sha ba, daga koyil ɗin inji take sha kai tsaye. Gane shi ba wuya: kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, in fitilar gaba ba ta kama ba sai inji na aiki, kuma haskenta na hawa da sauka da wutar da kake ba shi, to irin wannan ne. In ka mayar da ita kan batir ba tare da an sake tsarin caji ba, za ka riƙa cire fiye da abin da ake zubawa, ka koma gidan jiya. Gyaran bodi da tsabtace soket kuwa yana amfanar kowane iri. Haka nan masu jibga fitilu huɗu da hon na babbar mota da rediyo, koyil ɗin babur 150 ɗan abin da yake bayarwa ƙayyadadde ne. Ni cajar waya kawai na bari, ita ma na mayar da ita bayan makulli, don da kai tsaye take kan batir tana tsotsa har cikin dare.

Da muka gama ya miƙo mini mitar ya ce in karanta masa. Baƙin kan batir zuwa inji, ana danna sitata: 0.2, kuma inji ya tashi kafin in ɗaga yatsa. Asarar fitila, zuwa da komowa a haɗe: 0.3. Caji: 14.2. Hon da na danna sai da yaran rumfar gaba suka waiwayo. Kuɗin waya da rile da fiyus da kawuna duka bai kai kuɗin batir ɗaya ba. Na tambayi ladan aikinsa, ya ce in kai wa Kawu gaisuwa, in kuma kawo masa hanta ranar Juma'a. Na kai masa, da batir ɗin Yuni a bayan babur. Ya sa shi a caji mai sanyi ya kwana, ya tashi ya riƙe wuta, yanzu haka yana kan babur ɗin ɗan yayata a Sawaba.

Na sayi tawa mitar a Adum. Duk farkon damina, a Afrilu da kuma Satumba, nakan cire sit in maimaita awon nan guda uku, ba ya cin minti goma. In na kai wanki kuma nakan roƙi yaran kada su saita bakin ruwan nan mai ƙarfi a ƙarƙashin tanki da ƙwaryar fitila, don yana tura ruwa har cikin soket. Asabar da ta wuce na auna, na inji na nan a 0.2, amma na ga soket ɗin fitilar birki ya fara kore a ƙafa ɗaya, inda ruwan taya ke watsawa. Na sayo sabo yana cikin aljihun rigar ruwa, gobe in na sauke naman Kawu zan canza shi.